Rigar da Ya Wanke da Kansa

Yelwa, daren Laraba, tsakiyar bazara

Maigidana ya dawo daga Wara shi kaɗai, alhali tare da Ɗantani suka fita da jirgin. Na tambaya, ya ce, "Ya tsaya wurin kawunsa." Bai dube ni ba.

Shekara tara nake wanke rigunan mutumin nan, na san zufarsa. Ta tuƙi daga goshi da gadon baya take zubowa, ruwa ce da gishiri, ba ta da wari. Ta yau a hammata ta taru, tana bugun hanci. A makarantar jinya an koya mana tsoro ke fitar da irinta, ƙwayoyin cutar fata su ci maiƙonta, wari ya tashi. Sau ɗaya na taɓa jin ta a jikinsa, ranar da dorina ta kifar musu da jirgi.

Bayan magariba matar Ɗantani ta leƙo. "Yaya, ina aka baro min shi?" Na maimaita mata zancen kawu, bakina da nauyi.

Tana fita na je ɗauko rigar. Na tarar da shi tsugune gindin randa, yana cuɗa ta da sabulu. Mutumin da ko hularsa bai taɓa wankewa ba.