Na Zaɓar wa Baba Babbar Tsaga Bai Sani Ba

Assalamu alaikum. Na daɗe ina rubutawa ina gogewa kafin na iya turo wannan. Don Allah a sakaya sunana, kuma a yi mini uzuri, ko abinci ba na iya ci.

Ni manomi ne a yankin Kudan. Mahaifina ya sha fama da ciwon ciki, na kai shi asibiti a Zariya, aka ga tsiro a hanjinsa, sai an yi tiyata. Baba ba ya ji sosai, ni ake yi wa bayani in faɗa masa a kunne. Likita ya ce hanya biyu ce. Ko a buɗe cikin da babbar tsaga, ko a yi ƙananan hujoji a zura kyamara, da 'yar tsagar da zai sa hannunsa ɗaya yana taɓawa yana kallo a allo. Ya ce ta biyun ta fi sauƙin ciwo da saurin miƙewa, amma wani lokaci ana cikin aiki sai dole a buɗe duka. Ya ce mu je mu yi shawara.

Ni dai ina jin kyamara sai na tuna da wutar lantarki. In aka ɗauke wuta fa, hannun mutum na cikin ubana, allo ya yi baƙi? Sau nawa injin niƙa ya tsaya mana da masara a ciki? Kunya ta hana ni tambaya, kada a ce baƙauye. A waje Baba ya ce, "Me ya ce ne?" Na ce, "Sai an buɗe, Baba." Ya ce, "To rakena fa? Zan miƙe kafin sara?" Na ce in sha Allah. Na koma na ce wa likita Baba ya zaɓi buɗewa.

Da muka dawo gida, wani dattijo daga garin Taba, wanda aka yi wa ta kyamarar, ya zo dubiya, ya ɗaga riga ya nuna ɗan tabonsa yana dariya: "Malam, ai yanzu leƙe suke yi, ba fiɗa ba!" Baba ya ce, "Nawa ya fi ƙarfin leƙe. Yaron nan ya ji da kunnensa." Wallahi ƙasa na kalla.

Ranar aikin ta matso. Don Allah waɗanda aka yi wa, da ma'aikatan asibiti, ku sanar da ni: me ke faruwa in wuta ta ɗauke? Ana iya canzawa yanzu? Kuma da wane baki zan ɗaga murya in ce wa tsohona ƙarya na yi masa? Jama'a, me zan yi?