Galan Ɗin Mai

Magajin Gari, Birnin Gwari

Zuwa ga ƙanwata Furera,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara a Kaduna. Tunda an katse mana waya, direba na bai wa wannan takarda.

Ɗana Naziru ya ɗebi mai galan guda a wurin injin niƙana, ya sayar wa wani ɗan acaɓa. Ni da na tashi da turin baro ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba, ba zan reni ɓarawo ba. Da hannuna na kai shi wurin 'yan sanda, na ce su ajiye mini shi kwana biyu ya ji tsoro. Da na koma da tuwo, wai an wuce da shi wajenku tare da waɗanda aka kamo a daji. Wai yanzu sayar da mai a galan taimakon 'yan bindiga ne. Ki je ki gaya musu ɗan Alhaji Maiturare ne.

Yayanki,
Maiturare

Yaya,

Ina gaishe ka da ladabi. Na je, babu wanda ya san sunanka a can. Na ce shekararsa sha huɗu, jami'in ya ce ai yaron ya fi shi tsawo. Gidan ajiye yara ya cika, ɗaki ɗaya yake da manya. Wata ma'aikaciya, Martha, ta ce doka ta hana haka, za ta mayar da maganar kotun yara, amma sai mai ƙara ya zo ya yi bayani. Mai ƙarar kai ne, Yaya.

Na tambayi Naziru ko yana da saƙo gare ka, ya ce a gaida Inna.

Allah ya bar zumunci,
Furera

Furera,

Gaisuwa. Ni ne mai ƙara? Tarbiyya na kai, ba ƙara ba! Mu bulala ake yi mana, a dawo da mu gida kafin Magariba. A cikinsu duka babu mai ɗa ne, da zai dubi fuskar yaro ya ce wannan ba namu ba ne? Ina zuwa da ayarin motocin da sojoji ke rakawa. Ki gaya wa Martha, duk abin da ta ce in faɗa zan faɗa, amma ba zan roƙi kowa ba.

Yayanki

Furera,

Mun iso gida lafiya, ki yi wa Martha godiya. Maƙwabta na ta cewa yaro ya nutsu, horo ya yi amfani. Jiya na leƙa ɗakinsa in ce ya zo mu ci abinci tare. Yana jin takuna ya tsugunna, ya ɗora hannu a ka, ya ce, "Yallaɓai."

Ki zo ki tafi da shi wurinki.

Wassalam,
Maiturare