Mota Ba Ta Shiga Tenere Ita Kaɗai

Zuwa ga Maigida,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da girmamawar da ta dace da kai, ina fatan kana cikin ni'imar Ubangiji a inda kake kwance. Mu dai lafiya lau, sai gwiwa da ta fara yi mini gardama. Da hannuna nake wannan rubutu, da ɗan abin da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci bayan rasuwarka. In ka ga layi ya karkace, kada ka yi mini dariyar nan taka.

Ina da labarin da zan ba ka, amma sai na faro daga shekarar fari da yunwa, domin jikokinka da ke leƙen takardar nan ba su san komai a kai ba.

Ka tuna yadda Agadas ta cika a shekarar. Makiyayan da dabbobinsu suka ƙare sun kafa bukkokin tabarma a bayan gari. Sojoji ba su daɗe da karɓar mulki ba, kowa na magana ƙasa-ƙasa. Kai kana tuƙa kamiyon wani attajiri, babbar motar kaya, kana kai jar dawar taimako Bilma, ka dawo da gishiri da dabino, mutane jingim a saman kaya. Ni kuwa ina rumfata a bakin tasha, ina sayar da fura da dambu, ga tsohon ciki.

A rumfar na san Falmata, wata mata ƴar Bilma da ta zo nema wa gidansu hatsi. Ta daɗe tana jiran mota, har muka saba. Ita ke dama mini fura in bayana ya riƙe. Ranar da za ta tafi ta dafa cikina, ta ce mace zan haifa, kuma za ta aiko mata da dabinon bayan gidansu.

Motar da ta hau ta tashi ita kaɗai, don mai ita yana gaggawa. An kuma sauke tano ɗaya, wato gangar ruwa, a samu wurin buhuna. Da aka ga lokacin isarta ya wuce, ba wanda ya ɗaga murya da wuri, kowa na cewa ai wataƙila sun tsaya wata rijiya. Kana cikin waɗanda suka fita nema daga baya. Kun same su a ƙarƙashin motar, sun jeru a ƴar inuwarta, har da sofer ɗin da ke tuƙa ta. Ba mai rai.

Da ka dawo ka zauna a bakin ƙofar ɗaki, rairayi har cikin girarka. Na miƙa maka ruwa a ƙwarya, ka dube shi, ka ajiye. Sai can ka ce, "Hadiza, ƙarfen da ya karye musu, ina da irinsa a akwatin motata." Ban tambaye ka Falmata ba, kai ma ba ka faɗa ba.

Daga ranar ba ka sake zama lafiya ba. Ka dami ƴan uwanka na sandika, ƙungiyar matuƙa motoci, cewa kada wata mota ta sake shiga hamadar Tenere ita kaɗai, kuma ruwa ya riga kaya hawa. Wasu sun yarda, wasu na tsoron masu motoci. Ka ce sai an haɗu gaba ɗaya, har da mutanen gari, tunda ƴaƴansu ne ke hawa. To amma an hana taro sai da izini, izinin kuwa kun nema an yi muku shiru.

Ana cikin haka na haihu. Mace, kamar yadda baiwar Allah ta faɗa.

Ban taɓa ganin gayyar suna irin taka ba. Ragon ma ramamme ne, amma ka kira matuƙa, ka kira ƴan dako, ka kira liman da masu unguwa, ka bi bukkokin bayan gari ka kira madugan ayarin gishiri. Innata ta ce ko ɗan sarki aka haifa sai haka. Ni dai na gane abin da kake ƙullawa.

Bayan an shafa fatiha ba ka bar kowa ya tashi ba. Ina ɗaki da jaririya a cinya, muryarka tana shigowa ta zana. Ba ka iya doguwar magana ba. Abin da ka gani a ƙarƙashin motar kawai ka faɗa, ka ce kai dai ba ka iya wannan aiki kai kaɗai, kowa ya faɗi abin da zai ɗauka.

Agali ne ya fara, tsohon madugun nan da fari ya cinye masa raƙuma kaf. Ya gyara rawaninsa ya ce, "Raƙumana sun mutu, idona bai mutu ba. Ku sa ni gaban mota." Ƴan dako suka ce ba za su ɗora buhu ko ɗaya ba sai sun ga tano cike. Sai Inna Ramatu mai waina ta ɗaga murya daga cikin mata, ta ce, "Mu ne ke ganin duk wanda ya hau. In mota ta makara, za mu hana ku shan shayi har sai kun fita nema." Aka yi dariya, dariyar farko da na ji a gidan tun dawowarka. Liman ya ce shi kuma zai riƙa sanarwa a masallaci.

Washegari da hantsi sojoji suka zo. Sun ce ka yi taro ba izini. Kana sa takalmi kana ce mini, "Ki shanye kununki, kada ya huce." Ka fita kamar mai zuwa kasuwa.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Mun ji an kwashi wasu zuwa nesa ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Nonona ya ɗauke don fargaba, yarinya tana ta kuka. Ina cikin jego, bai kamata in taka ƙofar gida ba, amma na goya ta na fita, Innata tana bina da faɗa.

Ban yi zaton zan tarar da kowa ba. Sai ga matan tasha zaune a ƙasa gaban ofishin da aka tsare ka, ga madugai, ga liman da carbinsa. Ba mai ihu, ba mai zagi. Can gefe matuƙa sun jera motoci bibbiyu, an ɗora dawa, tano cike da ruwa a kan kowace. Da babban sojan ya fito yana tambayar dalilin da hatsin gwamnati bai tafi ba, Agali ya ce masa da ladabi, "Ranka ya daɗe, a shirye muke. Mai jan mu ne ke ciki."

Ya dube mu ya daɗe. Ban san abin da ya gani ba. Kafin la'asar ka fito, an aske maka kai tal, ka rame. Ina kuka, kai kuwa kana shafa ƙeya kana cewa sun hutar da wanzami.

Ba a kyauta muka sha ba. Bayan ka ja su kun kai hatsin kun dawo, attajirin ya karɓe motarsa. Ka yi ta gyaran taya a gefen rumfata, kana ɗaukar mini tukunya da safe, abokanka suna zolayarka. Ko sau ɗaya ban ji ka yi da-na-sani ba. Ni ce ma nakan yi ƙorafi in gero ya ƙare, sai ka ce in yi haƙuri, ka ɗauki yarinya ka fita da ita har in huce. Amma dokar tafiya bibbiyu ta zauna, duk da ba a taɓa buga mata hatimi ba.

Yanzu ga labarin. Ranar Juma'ar da ta wuce wani dattijo ya yi sallama a ƙofar gida, yana neman ka. Ya ce daga Bilma yake, ya zo ganin likitan ido. Wai yana saurayi ya hau mota daga nan tare da mahaifiyarsa, injinta ya mutu a tsakiyar rairayi, motar da ke biye da su ta kwashe su duka kafin rana ta faɗi. Mahaifiyar ce ta riƙe sunanka, don ta ji an ce kai ka kafe a kan a riƙa tafiya bibbiyu. Ta sa shi alkawarin in ya shigo Agadas ya zo ya gaishe ka.

Na ce masa ka riga mu gidan gaskiya tuntuni, tari ne ya ɗauke ka a kan shimfiɗarka. Ya zauna a dakalin da ka saba zama, ya rufe fuska da hannun riga. Da ya natsu ya fara kiran sunayen ƴaƴansa da jikokinsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce in riƙe, in na tashi yi maka addu'a in gaya maka. Sun yi mini yawa, Maigida, na kasa riƙewa. Ka dai sani suna nan, suna da yawa.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya yafe maka kurakuranka. Ya jiƙan Falmata da waɗanda suka kwanta tare da ita, da Agali, da Inna Ramatu. Ya kai duk matafiyi gida lafiya. In tawa ta zo, Ya sa in cika da imani, Ya sada ni da kai.

Taka har kullum,
Hadiza