Ƙwaryar Madarar da Na Mayar wa Gogo

Zuwa ga Yahanasu, inuwar gawo a tsakiyar bazara, ruwan sabuwar randa, ƙamshin ƙasa bayan yayyafin fari. Zuwa ga wadda in ta yi dariya nakan manta duk abin da na karanta, mantuwar da yanzu na gane rahama ce ga jama'a. Assalamu alaikum.

Ina gaishe ki gaisuwar mai laifi, da fatan kina lafiya, da mahaifiyarmu Gogo, da maijego da jaririnta. Za ki yi mamakin ganin takarda a zamanin da kowa ke riƙe da waya. Dalilin shi ne in na kira ki, kina amsa mini gaisuwa tsaf, lafiya lau, lafiya lau, sai ki yi shiru irin na ruwan madatsar Zobe da tsakar rana, ni kuwa in tsaya a gaɓa ban san zurfinsa ba. Ita takarda ba ta ganin fuskar mai rubuta ta, fuskata kuwa kwanan nan ba ta ganuwa. Yau kwana ashirin da uku da na baro ki a rugarku ta bayan Kurfi. Kin ce za ki tsaya taya matar ƙanenki Yero jego. Ban yi musu ba. Amma na san jegon da ke riƙe da ke, domin ni na haife shi da bakina.

Ya ke sanyin idona, kin tuna yadda muka fara? Ina sabon malami a Kurfi, da takalmi ɗaya da ra'ayi dubu, ke kuma kina taya Gogo sayar da fura a gindin tsamiya lokacin da ake fita shan iska a makaranta. Kullum sai na zo. Ludayi bayan ludayi nake kwankwaɗa, ba don yunwa ba, don dai in ƙara mintuna ina kallon yadda yatsunki ke juya ƙwarya, har cikina ya riƙa ƙugi ina tsakiyar koyar da tarihi. Ran da kika ce mini in rage sha kada shanunku su ƙafe, rannan na san na sami mata. Nono ne ya haɗa mu, Yahanasu! Shekara goma sha tara ke nan. Wace irin ƙwaƙwalwa ce za ta riƙe sunayen sarakunan da suka mutu tun kafin a haifi kakanninta, ta manta da wannan?

Lokacin da na bar cin nama, ba ki yi mini dariya ba sai sau ɗaya. Kin san abin da na gani a kara, kasuwar shanu: wani sa da ya karye wajen lodi, ana murɗe masa wutsiya ana watsa masa barkono a ido don ya miƙe ya shiga tirela. Na dawo gida na tarar da miyar nama, hannuna ya ƙi. Ban ce haram ba ne. Wane ni in haramta abin da Allah Ya halatta? Zuciya ce ta ƙi, ke kuwa kika karɓi ƙiyawarta kamar baƙo. Shekara uku kina ɗora tukunya biyu. Kika mayar da daddawa da wake da awara abin da mai cin kaza zai yi wa hassada. Da matan unguwa suka laƙaba mini Malam Zogale, ke kika ce musu gara mai cin ganye da mai cin naman mutane. Kin tsare mini mutunci a lokacin da ni kaina ban tabbata ina da shi ba.

Da na tsaya nan, da yanzu kina gida. Sai dai mai karatu kamar akuya yake, ba ya ƙoshi a inda aka ɗaure shi. Na shiga kallon wasu bidiyoyi na gidajen madara a ƙasashen Turawa, inda ake raba maraƙi da uwarsa tun ranar haihuwa, ita tana kuka nan, shi yana kuka can. Daga nan na gano cewa masu tausayin dabbobi ma ɗariƙa biyu ne: masu barin nama kawai, da masu barin duk abin da ya fito daga jikin dabba, madara da man shanu da ƙwai har da zuma. Na farko na ganin na biyu sun tsananta, na biyu na ganin na farko sun tsaya a rabin hanya. Ni kuwa, mijinki, ba na son a ce na tsaya a rabin komai. Saura kwana biyu sunan ɗan Yero na koma ɗariƙa ta biyu, ni kaɗai a cikin raina, ko ke da za ki dafa ban shawarta ba.

Sauran kin sani, amma bari in faɗa da kaina, ko ya zama kaffara.

Safiyar suna ina zaune a bukkar baƙi, ina leƙe ta ɓular zana. Na ga Gogo ta kwance maraƙin saniyarki Wule, ya ruga ya kama nono, ya tsotsa kaɗan har ruwan ya sauko, sai ta janye shi ta ɗaure a gaban uwar, ta durƙusa ta fara tatsa. Abin da idona ya gani ke nan. Abin da kaina ya gani kuwa Turai ce. Can sai ga ki da farar ƙwarya, an rufe da sabon faifai, kumfa na leƙowa ta gefe, fuskarki kamar wata ɗan daren sha huɗu. Sai na ce ki mayar. Na ce haƙƙin maraƙi ne, ni ba na shan abin da aka ƙwace daga bakin jariri. Kuma na faɗa da muryar aji, wadda nake kai wa yaron kujerar ƙarshe da ita. Zana kuwa ba katanga ba ce. Na ji taɓaren matan da ke daka sun tsaya ɗaya bayan ɗaya.

Wayyo ni! Suruki, wanda ko tari ba ya yi da ƙarfi a gidan surukansa, wanda ake kai wa abinci ɗaki don kada a ga bakinsa na motsi, shi ne ya tsaya yana koya wa Bafulatana haƙƙin saniya! Kin sunkuya kin ɗauki ƙwaryar da hannu biyu, kamar yadda kika kawo ta. Ni kuwa na hau babur bayan walima ina jin kaina kamar wanda ya faɗi gaskiya a gaban sarki.

Kwana goma sha shida na yi ina wannan ɗagawa, ina cewa fushinki zai huce ki gane. Sai ran kasuwa na haɗu da Yero a layin masu albasa. Ya gaishe ni da ladabinsa duka, abin da ya fi mari zafi. Sannan, yana kallon ƙasa, ya ba ni labarin da ke kika ɓoye mini don kada in damu. Ya ce tun da ɓarayi suka kore garkenku bara, shanu uku suka rage, Wule kaɗai ke da ɗa. Ya ce da ciyawa ta ƙone, Gogo ta hana kowa taɓa nonon Wule, ta ce ba zai ishi biyu ba. Wata huɗu tana dama furarta da ruwa zalla, matar da tun yaye ba ta san fura ba nono ba. Ko maijego daga maƙwabta ake samo mata. Rana ɗaya tak ta karya dokarta, don mijin 'yarta ya zo, kuma ba a taɓa sallamar suruki daga gidanta da busasshen baki ba. Da ƙwaryar ta koma, Yero ya ce Gogo ce ta karɓa. Ta kai wa maraƙin, ta tsoma yatsunta a ciki yana tsotsa har ya shanye. Abin da ta ce kawai shi ne, Malam ya yi gaskiya.

Malam ya yi gaskiya! Yahanasu, da ta zage ni, da na sami abin riƙewa. Abin da na shiga kwana biyu da waya a hannu, ita ta yi wata huɗu a cikinsa da yunwa a ciki, ba ta san yana da suna ba, ba ta kuma tara kowa ta yi masa wa'azi ba. Ni da ban taɓa cire wa saniya kaska ba! Na tsaya a layin albasa ina ta matse ido, na gode Allah da ya zama akwai abin ɗora wa laifi.

Kin cancanci ki san inda na tsaya, tunda ke za ki sha wahalar tukunya. Nama dai har yanzu hannuna bai yarda ba, kuma ba na jin zai yarda. Madarar da ban san inda ta fito ba, na bar ta; abin da na gani a bidiyon nan ba ƙarya ba ne, wurin da na kai shi ne ba nasa ba. Amma nonon da ya fito daga hannun da ya san sunan saniya da sunan uwarta, wanda ke auna cikin maraƙi kafin ya auna ƙwarya, wannan zan sha in gode. In masu ɗariƙa ta biyu sun ce na tsaya a rabin hanya, su ce. A rabin hanyar nan na tarar da Gogo zaune, kuma ta riga mu duka isa.

Ga inda abin ya fi ci mini rai. Da laifin wani iri ne, sai in zo in roƙi ƙwaryar in shanye a gaban kowa, magana ta wuce. Amma in na roƙa, Gogo za ta sake janye maraƙin don ta wanke ni, in zama na cuce shi sau biyu. Don haka ina roƙonki, don girman Allah, kada a tatsa mini komai. Na so in turo manya biko kamar yadda aka saba, amma wane dattijo zan zaunar in yi masa wannan bayani ya kai ƙarshe bai kira mini mai ruƙiya ba?

Gidan nan ba ke kamar gona ce bayan girbi, kara kawai da iska. Yara suna makarantar kwana, kurciyoyin da kike watsa wa tsaki suna sauka su dube ni su tashi. Ya ke raɓar safiyata, ya ke tsamiyar da na fara samun inuwa, shin za a sare itace don reshe ɗaya ya yi tsini? Shin shekara goma sha tara ba za su roƙa wa minti ɗaya gafara ba?

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci zan kamo hanyar Kurfi da harawa dami biyu da buhun dusa a bayan babur. Ba kyauta ba ce ga Gogo, don na san ba za ta karɓa ba. Ki ce mata na Wule ne. Zan cire takalmi tun daga bakin shinge, in durƙusa inda maza ke durƙusawa, in yi abin da ban taɓa yi ba tun da aka ba ni alli: in yi shiru. Ba zan ce ki biyo ni ba. In Gogo ta ɗago kai ta dube ni, kika ga ya isa, wurin zamanki a bayan babur zai zama ba kaya. In kuma ba ta ɗago ba, zan koma in dawo wata Juma'ar. Harawa ba ta ƙare a kasuwa ba, Juma'o'i ma Allah bai rage su ba.

Naki jiya, naki yau, naki har ranar da za a miƙe ni a dama,

Maniru
Dutsin-Ma