Katantanwar Sawakin

Daren Laraba, tara ga Safar, a Gumel

Yau a zaure na fito da katantanwar da na tsinto a bakin teku a Sawakin, lokacin da muke jiran jirgin Jidda. Na ba mutanen da suka taru labarin yadda na ga irinta a raye, manne a jikin dutse tana kiwo. Gansakuka mai laushi take lashewa tas, in ta iske ciyawa mai tauri sai ta kewaye ta.

Ƙanena Sale ya kwashe da dariya. Wai, "Yaya Alhaji, har a ruwan gishiri ake kiwo? To wa ke koro su gida da yamma?" Kowa ya dara, har liman.

Da la'asar Salen ya kai ni in ga gonakin marigayi Baba da aka raba ba na nan. Ta kwari mai riƙe ruwa, tasa ce. Tawa jigawa ce, ba komai sai tumfafiya da ƙarangiya.

Ni da na sha rana har teku don in ga wannan halitta, ashe ciki ɗaya muka fito da ita.