Babana Yana Kiran Amininsa a Rediyo, Bai San Ya Rasu Ba

Daga wata 'yar'uwa a zauren nan, ta ce a sakaya sunanta.

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, ina fatan kowa ya tashi lafiya. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon labarin, sai na faro daga baya za ku gane abin da ke ci mini rai. Sunayen da zan ambata duk na canza su.

Ni dattijuwa ce, na yi ritaya daga koyarwa, a Kazaure aka haife ni ana cikin murnar samun 'yancin kai. Asalinmu Barebari ne, kakanmu ne ya zo fatauci daga gabas ya zauna. Mahaifina, bari in ce masa Bukar, yana nan da rai, ya tsufa ƙwarai, kuma tun rasuwar Innarmu yake hannuna, ni nake jinyarsa.

Sana'ar Baba haɗa rediyo ce, ba gyara ba, haɗawa tun daga farko. A gidan waya ya koya yana saurayi, a can kuma ya haɗu da wani mutumin kudu, Kirista, bari in ce masa Sunday, mu dai Kawu Sunday muke kiransa. Suka ajiye aikin tare suka buɗe shago a ƙofar gidanmu. Su sayo kaya daga Kano, su naɗa waya da hannu, su jera komai cikin kwali a warwatse, malaman makaranta su saya su je su haɗa da ɗalibansu. Akwai kuma manyan, masu ji da magana, irin waɗanda yanzu ake ce wa oba-oba, su kam sai mai lasisi ake sayar wa. Lokacin babu lantarki a unguwarmu, da batirin mota suke aiki, ƙarfen narka dalma ma a kan garwashi ake ɗora shi. Har yau in na ji ƙaurin dalma sai in ga Kawu Sunday a kan kujerarsa, yana fere katakon akwati yana waƙar cocinsu, Baba yana ce masa ya rage murya ana kiran salla, shi kuma ya yi tsit har a idar. Matarsa da Innarmu tare suke daka, ɗansu Chidi kuwa sa'ana ne, kwano ɗaya muke ci.

Da rikici ya tashi, kafin yaƙin basasa, mutanen kudu suka fara gudu. Ina ƙarama amma ina tuna ranar. Baba ya saka su Kawu Sunday a bayan motar gyaɗa, ya raka su ta Babura har kan iyakar Nijar, don an ce ta can hanya ta fi lafiya. Akwai wasu rediyo biyu iri ɗaya da suka haɗa don kansu, Baba ya naɗe ɗaya cikin bargo ya ba shi. Suka yi alkawari duk ranar Juma'a bayan la'asar kowa zai kunna tasa a layin da suka sani, har Allah ya sake haɗa su. To yaƙi na farawa aka hana kowa magana a rediyo, aka zo aka ce Baba ya sauke eriyarsa, ya kuwa sauke, don ba wasa ake yi ba a lokacin. Ana gama yaƙi, da aka sake ba shi izini, ya kafa ta a kan doguwar gora, ranar Juma'a ya zauna ya fara kira. "Sunday, Sunday, Kazaure ke kira, kana ji na? Oba." Babu amsa.

'Yan'uwa, tun daga wannan Juma'ar bai daina ba. Da kuɗin fetur suka shigo kasuwa ta buɗe masa, makarantu suka yi yawa, ana zuwa daga Roni da Gwiwa, mutanen Nijar ma suna tsallakowa da kuɗinsu na sefa su sayi ƙananan. Ya ɗauki ma'aikata, ya sayi babur, ya je Makka, amma a allon shagon bai taɓa goge sunan Sunday ba, kujerarsa kuma bai yarda wani ya zauna ba. Ta wannan rediyon ya yi hira da mutanen ƙasashen da ko sunansu ba mu iyawa, sai mu tsaya bakin ƙofa muna dariyar Turancinsa, duk wanda ya samu daga kudu kuwa sai ya tambaye shi ko ya san wani Sunday mai haɗa rediyo. Sau biyu yana tafiya kudun da kansa, ya dawo babu labari, sunan ƙauyen da ya riƙe ashe garuruwa da yawa ne ke amsa shi. Daga baya rediyon waje masu araha suka cika kasuwa, sana'ar ta mutu, aka rufe shagon. Ita dai rediyon Juma'a tana nan.

Yanzu Baba yana fama da ciwon mantuwa. Wata rana ya kira ni da sunan Inna, wata rana ya tambaye ni 'yar gidan wace ce ni. Amma ban san yadda yake gane Juma'a ba. Ana idar da la'asar zai ce a kai shi gaban akwatin, ya murɗa, ya kira, ya saurara, sannan ya ce, "Yau ma iska ba ta da kyau, sai wani satin." Ban taɓa jin ya ce wataƙila mutumin nan ya mutu ba.

Kwanakin baya ɗana ya ɗauki hoton tsohon allon shagon ya saka a intanet, don sha'awa kawai. Sai ga wani mutum daga Fatakwal ya yi masa magana, ya ce wannan sunan mahaifinsa ne. Chidi ne. Da muka yi waya na fashe da kuka, shi ma kuka yake yi, da 'yar Hausarsa da ta rage ya kira ni da sunan wasan da ko 'ya'yana ba su sani ba. Ya ce sun isa gida lafiya ta hanyar da Baba ya ɗora su, sai dai sun shafe watanni a hanya, suna isa yaƙi ya fara. Ya ce mahaifinsa ya ɓoye rediyon a rufin ɗaki, duk Juma'a sai ya sauko da ita ya shiga bayan gari ya kira Kazaure, yana sane in aka kama shi ba zai sha ba. Wato daidai lokacin da eriyar Baba ke kwance a zaure. Ya yi ta kira har ciwo ya kwantar da shi, ya rasu yaƙi bai ƙare ba. Chidi ya ce babansa bai taɓa zargin Baba ba, cewa yake yi, "Bukar yana ji na, amsawa ce aka hana shi." Mahaifiyarsu ta so ta aiko da labari, wahalar rainon marayu ta sha kanta, ita ma ta daɗe da rasuwa.

Na yi niyyar in bi abin a hankali, sai aka samu kuskure. Ran nan muna waya da Chidi na saka a sifika ina tsince shinkafa, ban lura Baba ya farka a kan tabarmarsa ba. Muryar Chidi kuwa sak ta mahaifinsa, har yadda yake jan ƙarshen magana. Sai kawai na ji Baba ya ce, "Wa ke nan? Sunday ne?" Ya yunƙura zai tashi, mutumin da sai an ɗaga shi. Na rikice na kashe wayar, na ce masa wani ɗalibina ne. Ya kalle ni ya ce, "Yarinya, na san muryar abokina." Tun ranar abinci sai da lallashi, ya kan farka ya tambaya ko baƙo ya zo. Abin da ya manta da yawa, wannan bai manta ba.

A nan ne muka saɓa da Yayana. Shi a ganinsa Chidi ya zo, a ajiye shi a gidan maƙwabta da ƙaramar oba-oba, ranar Juma'a in Baba ya kira ya amsa a matsayin Sunday, ya ce masa yana lafiya, ya gode, shi ke nan tsoho ya samu natsuwa kafin Allah ya karɓi abinsa. Na ce masa wannan yaudara ce, ya ce ni ma ai na yi masa ƙarya ranar da na kashe waya, kuma tawa ba ta amfane shi da komai ba. Maganar ta yi mini zafi don gaskiya ce. Ya ce taurin kaina ne zai sa Baba ya tafi da abin a ransa, na ce shi sau nawa yake zuwa ya ga halin da ake ciki, muka rabu ba daɗi, har yau gaisuwa kawai muke yi. Gwaggonmu, ƙanwar Baba, ta ce a gaya masa gaskiya, musulmi ne, ya san mutuwa, kuma bai kamata a yi wasa da hankalin dattijo ba don ya raunana. Likitan da ke duba shi kuma ya ce in aka gaya masa zai iya mantawa gobe ya sake tambaya, duk ranar da aka maimaita masa kamar ranar aka yi rasuwar. Kuma ko na gaya masa, ta yaya zan ce abokinka ya yi ta kiranka kai kuwa ka sauke eriya? Wannan kaɗai na san zai iya ƙarasa shi.

Chidi ya ce duk abin da muka yanke zai bi, shi dai burinsa ya riƙe hannun mutumin da ya fitar da su da rai. Ya riga ya shirya, ƙarshen watan nan zai iso Kazaure. Ni kuwa ko barcin kirki ba na yi, in na kalli Baba sai hawaye.

Don girman Allah ku faɗa mini, in ku ne me za ku yi? In gaya masa gaskiya ko da za ta karya shi? Ko in shigo da Chidi a matsayin ɗan Sunday kawai, in ya tambayi uban mu kau da zancen, alhali na san sai ya tambaya? Ko in bi shawarar Yaya? Masu ilimin addini a cikinku, akwai zunubi a wannan? Waɗanda suka yi jinyar iyaye masu irin wannan ciwon, ya kuka yi?

Abin da ya fi ba ni tsoro a shawarar Yaya shi ne, na san Babana. In ya ji an amsa, ba zai tsaya a gaisuwa ba, cewa zai yi, "To yaushe za ka dawo?" A nan ne ban san abin da za mu sa Chidi, bawan Allah, ya ce masa ba.