Goyon da Ya Kusa Raba Ni da Jikana

Zuwa ga ƙanwata Mal-sun,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya ke da maigidan, Allah ya ƙara masa sauƙin ƙafar nan. Mu nan Mokpo lafiya ƙalau. Ɗanki Dong-ha na ta fama da aikin jirgin ruwa, ni kuwa sai tsufa da surutu.

Jiya jikana Si-won ya cika kwana ɗari, mun raba farar wainar shinkafa ga mutum ɗari har da ƙari. Amma kafin mu kai nan na sha kunya, ke kaɗai zan iya faɗa wa. Watan jiya tari ya kai shi asibiti, ni na zauna jinya don uwarsa Hye-rin, matar Dong-ha, ta koma aiki. Kin san ɗakin nan mai gado shida, kowa 'yar'uwar kowa, ana ta miƙa wa juna abinci. Wata yarinya a gadon kusa da mu, ɗanta na ta zawo, ita ko wanka ba ta samu ta yi ba. Na ce haba 'yar nan, kawo shi. Na canza masa kunzugu, na goya shi da zanen goyon Si-won, da na sauke shi na mayar da nawa baya.

Bayan kwana biyu sai Si-won ya fara amai da zawo kamar an buɗe famfo, idon yaro ya faɗa, kuka ba hawaye. Likita ta ce cutar rota ce, a hannu da tsumma take yawo. Aka ware shi, kwana huɗu ana ƙara masa ruwa. Garin neman gira na kusa rasa ido. Na faɗa wa Hye-rin gaskiya. Da ma zagina ta yi! Ita dai tun da muka dawo gida ba ta bari na taɓa shi ba. Wallahi abin ya ci ni.

Jiya ana tsakiyar hidima Hye-rin ta zo ta ce wai ɗan lukutin nan zai karya mata hannu, in Umma ta wanke hannu da sabulu ta zo ta karɓi kayanta. Na wanke har gwiwar hannu, sau biyu. Ya yi nauyi, Mal-sun, ya damƙi kunnena, na yi ta kuka gaban baƙi ko a jikina.

Ki gaida maigidan, da Yun-hi da mijinta, da auta Jae-min.

Yayarki mai kewarki,
Ok-bun